Tasar Firgita

Ranar Asabar ɗin da aka nemi tasar aka rasa, na makara, abin da ban taɓa yi ba a shekara goma sha tara da nake riƙe da makullan benen tsohuwar fada. Barci na yi. Wanda bai san ni ba zai ce to sai me, amma ni wata takwas ke nan rabona da barcin kirki, tun ranar da ruwan kwari ya tafi da motar mijina Saif da shi a ciki, ina tsaye a gaɓa ina kallo. Ran nan kuwa sai da rana ta hau kan dabinai na buɗe ido. Na taho aiki jikina sakayau, duk abin da na kalla kamar ta bayan labule nake ganinsa.

A haka na hau bene. Masu gyara sun yi kwana uku suna kankare bango, da yammacin Alhamis suka tashi, Juma'a kuma ba ma buɗewa, saboda haka garin farar ƙasa ya samu kwana biyu yana sauka a hankali, ya lulluɓe ko'ina fari fat. Na wuce ɗakin takubba, na wuce inda aka jera hotunan sarakuna tun daga na farko, na shiga ɗakin matan sarki. Hasken safe yana shigowa ta tagogi bakwai, ƙura tana iyo a cikinsa. Akwatin gilashin yana nan a kulle, ba tsaga ba karaya. Tasar ce babu.

Tasa ce ta tagulla, ba ta wuce tafin hannu biyu ba, an zana mata ayoyi zagaye-zagaye har gindi, ga 'yan mitsi-mitsin makullai arba'in a rataye a bakinta. Tasar firgita ake ce mata. A da, in mutum ya ga abin da ya razana shi har barci ya ƙaurace masa, a cikinta ake ba shi ruwa. Ni kaina nakan faɗa wa baƙi haka sau biyar a rana, in ƙara da cewa camfin mutanen da ne, su yi dariya mu wuce ɗaki na gaba.

Kafin hantsi magana ta kai kasuwar awaki. Ustaz Hilal, shugaban gidan tarihin, mutumin Maskat ne mai son turare da takarda, ya tara mu a ofishinsa yana ta share gumi. Kyamarorin bene an cire su saboda gyara. Ta bakin ƙofa kuwa mutum biyu kawai ta nuna ranar Juma'a: Marhun mai gadi, sai Shafikul mai shafe, wanda ya shigo bayan an sauko daga masallaci ya fita da ƙunshi a hammata.

Gara in faɗa tun yanzu, ni ce na ƙara wa wutar itace. Bakina ba ya jiran kaina, haka nake tun ina yarinya.

"Yallaɓai, ai ba sau ɗaya ba sau biyu ba na kama shi a gaban akwatin nan ya saki baki yana kallo," na ce. "Ranar Laraba har hannu ya ɗora a gilashin."

Shafikul ɗan Bangaladash ne, shekararsa tara a garinmu, rabin bangayen unguwarmu hannunsa ne ya shafe su. Da aka kira shi aka tambaye shi ko ya zo jiya, sai ya ce a'a. Aka nuna masa hotonsa. Ya zauna a ƙasa ba wanda ya ce ya zauna. Kowa a ɗakin ya san abin da zai biyo baya: kurkuku, daga nan jirgi, kuma ba zai sake taka ƙasar nan ba har abada, ga 'ya'ya mata uku a can suna karatu da gumin bangayenmu.

Ustaz Hilal ya ɗauki waya zai kira 'yan sanda, sai ga saƙon Wali, mai riƙe da garin. Ya ce a bari Musallam ya duba tukuna. Ustaz ya cije leɓe ya ce to, zuwa la'asar.

*

Musallam mai bin sawu ne, tsoho daga cikin rairayi, siriri, da sandar raƙumi a hannu. An ce yakan kalli sawun taguwa ya faɗi ko tana da ciki. Ya shigo ƙofar fada bai ɗaga kai ya dubi hasumiya ba, bai dubi manyan bindigogin da kowa ke tsayawa ɗaukar hoto da su ba, ƙasa kawai yake kallo.

"Ina labari?" ya ce.

"Sai alheri," in ji Ustaz Hilal, fuskarsa kamar zai fashe.

Sai da aka kawo gahawa da dabino, ya sha ƙoƙo uku ya girgiza na ukun alamar ya ƙoshi, sannan ya sa Marhun ya share yashin tsakar gida ya baje shi sumul. Ya ce kowa ya tuɓe takalmi ya taka ya wuce.

"Har ni?" in ji Ustaz.

"Kai ma ai da ƙafa ka zo, ɗana."

Muka bi layi muka taka. Musallam ya tsuguna.

"Yallaɓai, takalminka na hagu yana matsa maka. Ka bayar da shi sadaka ka huta." Ya matsa gaba. "Marhun, ka taɓa karyewa a nan, wanda ya ɗora ka kuma sauri yake yi."

"Kawuna ne," in ji Marhun. "Allah ya jiƙansa, makiyayi ne, a kan awaki ya koya."

Da ya zo kan nawa sai ya daɗe. Ya kai yatsa kusa da ɗan ƙaramin yatsan sawun, bai taɓa ba. Na jira in ji abin da zai ce, har na shirya amsa. Sai kawai ya miƙe ya nufi bene.

*

A babbar matakala mun riga mun tattake komai da safe, amma shi yana ganin wanda ya hau kan wani. Ya bi wani sawu mai ɗingishi har saman hasumiya, ya sa aka kira Marhun. Daga can sama gonakin dabino sun shimfiɗu har gindin duwatsu, zafi yana sa su rawa a ido.

"Me mai gadin ƙofa yake yi a nan ranar Juma'a da hantsi?"

"Iska nake sha, Baba."

Musallam ya zura sandarsa a bakin wata tsohuwar bindiga, ya jawo 'yar lofe da kwalbar taba. Marhun ya dube ni, ya dubi sama.

"Zuwaina, don girman Allah kar ya kai kunnen uwar yara. Tun da muka dawo daga Makka ta san na daina."

"Ni ina ruwana da huhunka," na ce. "Tasa muke nema."

"Lokacin salla fa?" in ji Musallam.

"Na kulle ƙofa na tafi masallaci, kamar kowace Juma'a. Awa ɗaya, ko da 'yan kai. Limamin nan namu in ya hau ba ya son sauka."

"Je ka abinka. Ka rage, ƙafarka ta fara gaya mini numfashinka."

*

Shafikul suka kawo ɗakin takubba, inda sawunsa ya tsaya a gindin taga. Musallam ya zauna a ƙasa kusa da shi, gwiwa da gwiwa.

"Me ka ɗauka a nan?"

"Kwanon abincina, Baba. Na manta ranar Alhamis. Na naɗe a rigar aiki."

"To me ya sa ka ce ba ka zo ba?"

Hannayensa duk farar ƙasa ta tsattsaga su, yana ta murza su a cinya.

"Na ji tsoro. In abu ya ɓata, mu ake fara kallo."

"Ita kuma tasar, an ce kana yawan tsayawa a gabanta."

Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya, ya mayar da kai. "Kakata tana da irinta. Ƙarama. Shekarar da ruwa ya ci ƙauyenmu ta ba ni na sha. In na kalle ta sai in ga gida."

Wani abu ya ɗan soke ni a ƙirji, amma na taushe shi. Musallam ya ce wa Ustaz Hilal mutumin nan daga taga ya juya ya sauka. Ustaz ya girgiza kai.

"Baba, da bakinka ka ce ƙofar ɗakin mata an tattake ta. Ba ka ga ya shiga ba, amma ba za ka rantse bai shiga ba. Ya yi ƙarya, ya fita da ƙunshi. Ni takarda zan rubuta, ba zan rubuta kwanon abinci ba."

"Gaskiyarka," in ji Musallam. "Gidan nan matakalarsa ɗaya ce?"

*

Akwai ta biyu. Siririya ce, a bayan ɗakin mata, mun tare ta da igiya, daga sama kawai muke nuna wa baƙi. Tana sauka har ƙofar ruwa, 'yar ƙaramar ƙofar da ke buɗewa a kan falaj, magudanar da ke ratsa ƙarƙashin fada ta wuce gonaki. Ta nan kuyangi ke ɗibar ruwa a zamanin da. Musallam ya ce mu zagaya ta ƙasa, ni da shi kawai.

Wurin da sanyi, ga duhu-duhu, ba ka jin komai sai ruwa yana tafiya a ƙarƙashin dutse. Haske ɗaya ne yake saukowa ta wata ɓula a sama. Farar ƙurar ta kwanta a kan matakalar ba wanda ya dame ta, sai sawu guda, ƙanana, ba takalmi, sun hau sun sauko.

Musallam ya tsuguna a gindin matakalar. Muryarsa ta yi ƙasa, ya shiga magana kamar matar tana gabanmu.

"Ga ta nan. Ta zuro hannu ta ramin ruwa ta zare sakata, ba ta lalube ba, ta san inda take. Ta tuɓe takalmi ta ajiye a nan, gefe da gefe, kamar mai shiga ɗakin manya. Tsohuwa ce. Gwiwarta ta dama tana ciwo, da hagu take fara hawa ta jawo ɗayar. Ba ta sauri. Ɓarawo yatsunsa ke nutsewa, ita diddigenta ne. Nan ta huta. Nan ta tsaya ta juya, ina jin wani abu ta tuna."

Ina tsaye a bayansa, wallahi sai na ga kamar mayafi yana hawa a cikin hasken nan, na ji ƙamshin lubban da ba wanda ya ƙona. Barcin jiya bai gama sakina ba.

"Zuwaina, ƙirga mini."

Na ƙirga. Na ɗaya, sawu. Na biyu, sawu. Na uku, ƙafa biyu a haɗe, ga tafin hannu a bango ta dafa da ƙarfi har ya zame. Na huɗu fari tas, ko kiyashi bai taka ba. Na biyar, sawu mai zurfi.

"Da hawa da sauka ta tsallake shi," ya ce. "Mai ciwon gwiwa ba ta tsallake matakala don nishaɗi. Me ke ga na huɗun nan?"

Bakina ya amsa da kansa, da muryar da nake yi wa baƙi. "A da katako ne. Da magariba akan zare shi, ƙarƙashinsa rami ne mai gaba shida, don wanda ya shigo da mugun nufi. 'Yan gida ba sa taka shi ko da rana, saboda wata rana akan manta a mayar. Shekara arba'in ke nan da aka cike ramin aka sa dutse."

"Dutse ne, kowa yana gani. Amma ƙafarta ba ta yarda ba. Wannan a gidan nan ta koyi tafiya." Ya juyo. "Su nawa suka rage?"

Na san su, su uku ne. Ɗaya ta makance, ɗaya tana Maskat wajen jikoki ba ta ko tashi. Ta ukun ita ta ba ni labarin katakon ina zaune a cinyarta. Mahaifiyarta ce mai yi wa matan sarki tuwon shinkafa da nama, a ɗakin girkin fada aka haife ta.

"Ƙafar nan na gan ta yau da safe a tsakar gida," in ji Musallam a hankali. "Ɗan yatsan ƙarshe yana hawa kan ɗan'uwansa. Sai dai ta safen ba ta kai wannan shekaru ba."

*

Muka fita ta ƙofar ruwa muka bi gefen falaj. Azahar ta wuce, inuwar dabinai ta yi ɗigo-ɗigo a kan ruwa, wani yana can sama yana yi wa dabino baye yana waƙa, ba mu ga fuskarsa ba. Musallam yana gaba yana nuna ƙasa da sanda, nan ta zauna a kan dutse, nan ta sauya hannu. Ni ban ga komai ba sai ƙasa. Na bi shi har bakin lungunmu, inda bangon gidanmu yake, wanda Shafikul ya shafe bara.

Nan ya tsaya ya dafa ƙugu.

"Awaki sun bi ta nan. Sawun ya ɓace mini." Ƙarya yake yi, kuma ya san na sani. "Zan koma in sha gahawa. In aka tambaye ni, abin da na gani a matakala zan faɗa, ba ni da sunan kowa. La'asar saura kaɗan, 'yata."

Inna tana ɗaki tana tsince shinkafa. Sunanta Gaya, amma ba mai kiranta da shi yanzu. Na tsaya a kanta.

"Inna, jiya da azahar ina kwance, wa ya ɗauki makullaina a ƙusa?"

"Wanda ya mayar."

"Ruwan da kika ba ni bayan isha, a tsakar gida, kika ce in rufe ido in sha. Na ji ƙaras-ƙaras na ɗauka awarwaronki ne."

"Kin yi barci ko ba ki yi ba?"

"Sata ce, Inna. Kayan gwamnati ne."

Ta ajiye faifan. "Ki iya bakinki. Uwata ta wanke tasar nan ta fi sau ɗari. Duk garin nan wa bai sha a cikinta ba? Ba a roƙonta, Zuwaina. In ka roƙa sai ka faɗi wanda ya firgita, gobe a ji a bakin rijiya. Shiga ake yi ta ƙofar ruwa a ɗauka shiru, a bar zobe a alkuki, bayan kwana uku a mayar a ɗauki zobe. Matar sarki tana gani takan kau da kai. Ku ne kuka zo kuka kulle ta a gilashi kuna nuna wa Turawa." Muryarta ta karye kaɗan. "Wata takwas ina jin ki kina kiran Saif cikin dare. Likita ya ba ki ƙwaya kin zubar. Na zauna in kalle ki ki ƙare?"

Na zauna a bakin gado.

"Saura biyu," ta ce. "Yau da gobe. Litinin da sassafe in mayar musu da abinsu, ba wanda ya sani."

Ba zan ɓoye ba, na so. Na so ƙwarai. Wanda bai taɓa kwana yana kallon ruwa yana juya mota ba, ba zai gane abin da barcin dare ɗaya yake ba. Camfi ne ko ba camfi ba, ni dai na yi barci. Musallam ya ce ba shi da sunan kowa. Da na yi shiru, shi ke nan. Na zauna ina kallon bango, sumul, ba ko tsaga, har wajen da ya zagaye taga da hannu ya yi masa ɗan ado ba wanda ya sa shi.

"Akwai wanda aka kama," na ce. "Shafikul. Da la'asar za a ba 'yan sanda shi."

"Mai shafe? Yaron da ke ce mini Inna?" Ta dube ni. "Wane marar tsoron Allah ne ya ce shi ne?"

"Ni."

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta dafa gwiwa ta miƙe, ta jawo akwatin ƙarƙashin gado, ta ce in miƙo mata baƙin mayafinta.

*

A zauren da sarki ke karɓar baƙi aka taru. Wali yana zaune a tsakiya da wuƙar azurfa a ɗamara, Ustaz Hilal a damansa da takarda, Marhun a bakin ƙofa, 'yan sanda biyu a waje suna jira. Shafikul yana can ƙarshen tabarma. An miƙa masa gahawa, ya riƙe ƙoƙon bai ko kurɓa ba.

Mun iso Musallam yana cikin magana. Ya ce mai gadi hasumiya ya hau don wata buƙata tasa, Marhun ya sunkuyar da kai. Ya ce mai shafe daga taga ya juya. Ya ce wadda ta ɗauka ta ƙofar ruwa ta shigo, kuma ta tsallake hawa na huɗu.

"Wace ce?" in ji Ustaz.

"Ƙasa ba ta rubuta suna, yallaɓai."

"To ni kuma ba zan..."

Inna ta tuɓe takalmi a bakin zaure ta ajiye su gefe da gefe. Ta shiga da ƙunshi a ƙirji, tana jan ƙafar dama. Mata ba sa shiga zauren nan a zamaninta, amma ta ratsa shi kamar tsakar gidanta, ta tsaya gaban Wali ta ƙare masa kallo.

"Kai ne ɗan Nasra?"

"Ni ne, Inna."

"Kana da shekara biyar kura ta leƙo ka a zango, ka yi wata ba ka magana. Tambayi uwarka a me ka sha ruwa. Marhun, rufe tagogin nan, rana ba ta ganin tasar nan."

Marhun bai ko dubi Ustaz ba, ya tashi ya rufe. Zauren ya yi duhu, sai zare-zaren haske ta tsagar katako. Ta kwance mayafin. Makullan nan arba'in suka yi ƙara kaɗan, ayoyin suka ɗan yi ƙyalli.

"Ni na ɗauka, da makullan 'yata, ba ta sani ba. Zobena yana alkukin da ke bayan ƙofar ɗakin mata, a aika a duba. Aro na yi, yadda aka saba. In laifi ne ga ni."

Aka aika. Marhun ya dawo da zoben azurfa a tafin hannu, duk farar ƙura. Wali ya juya shi, ya sake juyawa. Daga baya ya ce wa 'yan sandan su tafi, abin da ya ɓata ya dawo. Ba wanda ya tambayi Inna wa ta aro wa, amma na ga idanu suna zuwa kaina suna kaucewa.

Ustaz Hilal ya gyara murya. "Hajiya uwa ce, ba ni da ta cewa. Amma makullan gwamnati ba a ƙusa ake rataye su ba, Zuwaina."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Na ciro su daga jaka na ajiye a kan tabarma a gabansa, shekara goma sha tara. Ya miƙa hannu zai ɗauki tasar.

"Dakata, ɗana," in ji Inna.

Ta fito da 'yar kwalba daga cikin zanenta. Sauran ruwan jiya ne, wanda ya kwana a ƙarƙashin taurari yadda aka saba, wanda ta ajiye mini na daren yau. Ta tsiyaye shi duka a tasar. Ta dube ni, na san me take tambaya, na gyaɗa kai. Ta taka har ƙarshen tabarma.

"Ungo, ɗana. Yau duk garin nan ba wanda aka firgita kamarka. Yi bisimilla."

Shafikul ya karɓa da hannu biyu. Makullan suka shiga kaɗawa, ruwan yana fantsala, ya kasa kai ta baki.

"Riƙe masa," Inna ta ce mini.

Na durƙusa a gabansa, a gaban Wali da kowa, na tallafi gindin tasar. Ya rufe ido ya sha, a hankali, ina jin yadda rawar hannunsa ke raguwa a jikin tagullar har ya shanye.

"Shafikul, ni na kira sunanka," na ce. "Ka yafe mini."

Ya goge baki da bayan hannu. Ya ɗago ya dubi Inna.

"Na gode, Inna. Allah ya saka."

Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya tambayi Ustaz Hilal ko gobe ya zo ya ƙarasa bangon arewa, Ustaz ya ce ya zo. Ya yi wa Wali sallama, ya yi wa Musallam, har Marhun ya ba hannu a bakin ƙofa. Ni bai ce mini komai ba, kuma ban ga laifinsa ba.